Darasi: Yadda Za Ka Tabbatar da Ƙwarewar Aikinka Ga Hukumar Biza Idan Maigidanka Ba Ya Jin Turanci

Darasin yau ya shafi duk wanda ya koyi rubuta manhaja, ko gyaran waya, ko haɗa wutar sola da hannunsa, yake kuma tunanin wata rana ya nemi bizar ƙwararrun ma'aikata zuwa Kanada ko Jamus ko wata ƙasa. Yawancinmu mun ɗauka matsalar harshe ita ce cin jarrabawar IELTS. Wannan ɗaya ce. Akwai ta biyu da ba a cika maganarta ba: harshen mutumin da zai shaide ka, da harshen takardun da za su nuna ka yi aikin.

Bari in fara da abin da ya faru da ni.

Na yi shekara biyu da rabi ina yi wa wani dillalin taki da maganin feshi aiki a Makarfi. Ni na rubuta masa manhajar da ke lissafin kaya da bashin manoma, wadda ke aiki a wayar Android ko babu intanet. Daga baya na nemi aiki daga nesa a wani kamfanin ƙasar waje, na ci gwajinsu, sai suka ba wa wani kamfanin bincike aikin tantance tarihina. Wata rana bayan sallar isha'i Alhaji ya kira ni gefe ya ce, “Ɗana, wata Baturiya ta buga mini waya ɗazu tana ta ambaton sunanka. Na ce mata ba Turanci, ta sake kira, na kashe. Ka yi hankali da 'yan damfara.” Na ce, “Baba Alhaji, ai aikina ne ya tafi.” Bayan kwana biyar saƙon imel ya shigo cewa ba a iya tabbatar da aikin da na ce na yi ba.

Alhaji bai yi laifi ba. A lokacin kullum ana kiran mutane da sunan banki ana neman lambar BVN. Laifina ne da ban shirya shi ba. Aiki kawai na rasa, amma da a kan biza ne, da asarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Tun daga nan na zauna na karanta ƙa'idojin hukumomin shige da fice, kuma abin da na fahimta ne zan raba da ku.

Me ya sa takardar aiki ta fi muhimmanci gare mu?

Wanda ya gama digiri a Jami'ar Ahmadu Bello yana da takardar da za ta yi magana a madadinsa. Wanda ya tsaya a sakandare ya koyi sana'a da kansa, shekarun aikinsa su ne digirinsa.

Dubi Jamus. Tun watan Nuwamba na 2023 ƙwararren fannin kwamfuta da ba shi da digiri zai iya samun katin aiki na Tarayyar Turai mai suna Blue Card, idan ya samu kamfanin da zai ɗauke shi da albashin da doka ta gindaya, ya kuma nuna ƙwarewar aiki ta shekara 3 a cikin shekara 7 da suka wuce. Me zai nuna shekara ukun? Takarda.

A Kanada kuma, tsarin Express Entry da aka fara a Janairun 2015 yana karɓar mai takardar sakandare a rukunin ƙwararrun ma'aikata, idan hukuma irin su WES ta tantance takardar. Sai dai makin ilimi kaɗan ne: mai sakandare da ba shi da aure yana samun 30, mai digirin farko 120, a cikin jimillar maki 1,200. Ke nan hanyar tana da tudu, kuma duk watan aikin da aka ƙi ƙirga maka babbar asara ce. Ana buƙatar aƙalla shekara ɗaya ta aiki a jere wanda aka biya ka, wato awa 1,560, a cikin shekara 10 da suka wuce. Lissafin shi ne awa 30 a mako sau mako 52. Ko ka yi awa 60 a mako, 30 za a ƙirga. Idan aikinka na kaka ne kawai, kamar masu yi wa dillalan rake na Makarfi ko na tumatirin Ikara lissafi na wata huɗu su tsaya, to sharaɗin “a jere” ya shafe ka.

Wurare huɗu da harshe ke kayar da mu

Na farko, sunan aiki. A nan gida duk mai gyaran waya injiniya ne, duk mai zama gaban kwamfuta “mai kwamfuta” ne. Kanada tana da kundin sana'o'i mai suna NOC, wanda tun 16 ga Nuwamba 2022 ya koma lambobi biyar. Mai rubuta manhaja 21232 ne, mai gina shafukan intanet 21234, mai taimaka wa masu amfani da kwamfuta 22221, mai walda 72106. Jami'in biza ba laƙabinka yake dubawa ba, ayyukan da ka yi yake kwatantawa da abin da ke ƙarƙashin lambar da ka zaɓa. Takardar da ta ce kai mutumin kirki ne mai riƙon amana ba ta faɗa masa komai ba.

Na biyu, kalmomin alaƙa. Idan aka tambayi Alhaji wane ne kai, cewa zai yi “yarona ne”. Bahaushe ya san ma'aikaci ake nufi. Idan aka juya wannan kalma zuwa Turanci yadda take, sai ta koma ɗan cikinsa ko ƙaramin yaro. Haka “yana taimaka mini a shago” ke fita kamar aikin sa-kai, alhali aikin da ba a biya ba ba ya cikin lissafi. Kuɗin ma ba ma kiransa albashi. Mukan ce “na cefane”, ko “alheri”, ko “an sallame shi”. Kalmar sallama kaɗai tana iya nufin an biya ka, ko an yaye ka, ko an kore ka.

Na uku, kwanan wata. Iyayenmu da abin da ya faru suke lissafi. “Ya zo wurina lokacin korona”, “shekarar da aka canza kuɗi”, “gab da azumi”. Waɗannan duka ana iya mayar da su lambobi: kullen korona a Jihar Kaduna ya fara a Maris na 2020, sababbin takardun naira sun fito a Disamban 2022, azumin 2023 ya kama ranar 23 ga Maris. Amma idan kai ka rubuta Janairu 2022 a fom, shi kuma ya ce “kamar shekara biyu ko uku”, jami'i zai rubuta cewa bayanai sun saɓa. Tsarin rubutun ma tarko ne. 03/04/2023 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris ne, fom ɗin Kanada kuma da shekara yake farawa. Maganin shi ne a rubuta sunan wata da haruffa a cikin wasiƙa.

Na huɗu, kiran waya. Hukumomin biza da kamfanonin bincike sukan kira ko su aika imel don su ji daga bakin mai kamfani. Nan ne na faɗi.

Abin da dole wasiƙar ta ƙunsa

Zan yi amfani da jerin hukumar IRCC ta Kanada, domin wasiƙar da ta cika shi za ta yi maka amfani a wasu ƙasashen ma:

1. A buga ta a kan takardar kamfani mai ɗauke da suna, adireshi, lambar waya da imel.
2. Cikakken sunanka kamar yadda yake a fasfo.
3. Duk muƙamin da ka riƙe, da ranar farawa da ta gamawa.
4. Ayyukan da kake yi, ɗaya bayan ɗaya.
5. Yawan awannin aiki a mako.
6. Albashin shekara da sauran alawus.
7. Suna, muƙami da sa hannun wanda ke kula da kai kai tsaye ko jami'in ma'aikata.

Wajen jera ayyuka, kada ka kwafo jimlolin NOC ka manna. Jami'an sun haddace su. Ka rubuta abin da ka yi da gaske: ka tsara rumbun bayanan kaya, ka rubuta manhajar da JavaScript, kana gyara kurakurai, kana koya wa masu shago amfani da ita. Sannan ka duba ko yawancinsu sun dace da lambar da ka zaɓa. Idan ba su dace ba, lambar za ka canza, ba gaskiyar ba.

Idan kai ke da kanka, wato kana karɓar kwangila daga mutane daban-daban, IRCC ba ta karɓar bayanin da ka rubuta wa kanka ko rantsuwarka a matsayin shaidar ayyuka. Tana son shaidar mallakar kasuwancin, shaidar kuɗin shiga, da takardu daga waɗanda ka yi wa aiki masu nuna abin da ka yi da abin da suka biya.

Hanyoyi biyu na samun wasiƙa daga wanda ba ya jin Turanci

Hanya ta farko: a rubuta wasiƙar da Hausa, maigida ya karanta ko a karanta masa, ya sa hannu, sannan a kai wa mai fassara. Mutane da yawa ba su san wannan halas ne ba. IRCC tana karɓar takardar da ba ta Turanci ko Faransanci ba idan an haɗo ta da fassararta da kwafin asalin da aka tabbatar. Idan mai fassarar ba mai rajista ba ne, sai ya yi rantsuwa a rubuce cewa ya ƙware a harsunan biyu kuma fassarar daidai take, galibi a gaban lauya mai hatimin notari. Kai ba za ka fassara wa kanka ba, haka iyayenka, 'yan'uwanka, matarka, kawu, gwaggo da 'ya'yansu. Birtaniya tana son fassarar ta ƙunshi tabbacin cewa daidai take, kwanan wata, cikakken sunan mai fassarar da sa hannunsa da hanyar tuntuɓarsa. Amurka tana son cikakkiyar fassara da shaidar mai fassarar cewa ya cancanta. Ostareliya kuma tana da hukumar tantance masu fassara mai suna NAATI.

Masu fassara ba su yi mana nisa ba. Daga Hunƙuyi ko Makarfi zuwa Zariya tafiya ce ta safe a dawo da rana, kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana da Sashen Harsuna da Al'adun Afirka inda ake koyar da fassara. Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiyar nazarin harsunan Najeriya da fassara. Akwai kuma ƙungiyar masu fassara ta ƙasa, NITI. Ka nemi wanda zai yarda ya sa sunansa da lambarsa, domin shi ma ana iya kiransa.

Alfanun wannan hanya shi ne jami'in biza ya san tun farko cewa mai shaidarka Hausa yake ji.

Hanya ta biyu: a rubuta da Turanci, amma wani mutum na uku, kamar akawun shago ko malamin makaranta da maigida ya yarda da shi, ya fassara masa layi bayan layi kafin ya sa hannu. Kada ka miƙa masa takarda a tsaye ka ce “Baba, sa mini hannu a nan”. Zai sa don ya yarda da kai, amma ranar da aka tambaye shi abin da ke ciki ba zai sani ba.

Google Translate fa? Tun Disamban 2013 yake da Hausa, kuma ya inganta sosai, haka ma manhajojin ƙirƙirarriyar basira na yanzu. Yi amfani da su ka fahimci wasiƙar da aka aiko maka. Amma na'ura ba ta rantsuwa, ba ta sa hannu, don haka fassararta ba ta cika sharaɗin hukuma ba. Ka gwada sa mata “na sallame shi bara” ka ga wace ma'ana za ta zaɓa maka.

Sunanka da matsalar haruffa

Wannan ɓangaren namu ne na masu kwamfuta. Buɗe fasfo ka dubi layuka biyu na ƙasan shafin hoto. Kowane layi yana da gurbi 44, kuma ƙa'idar hukumar ICAO ba ta yarda da komai a wurin ba sai A zuwa Z, 0 zuwa 9, da alamar <. Babu ɗ, babu ƙ, babu ɓ, babu alamar hamza. Sa'idu zai koma SAIDU, Ɗanjuma ya koma DANJUMA. Wannan ba kuskure ba ne.

Kuskuren shi ne takardar WAEC ta ce Mohammed, NIN ya ce Muhammad, banki ya ce Muhammadu, wasiƙar aiki kuma ta zo da sunan gari a ƙarshe saboda haka aka san ka a makaranta. Mu mun san mutum ɗaya ne. Manhajar da ke kwatanta rubutu harafi da harafi ba ta sani ba. Ka ɗauki fasfo a matsayin ma'auni, kuma tunda yanzu da NIN ake yin fasfo, gyara daga NIMC yake farawa. Abin da ba ya gyaruwa, kamar tsohuwar takardar makaranta, sai a yi masa takardar rantsuwa a kotu cewa sunayen na mutum ɗaya ne.

Idan wasiƙar da Hausa ce, ka tabbata haruffa masu lanƙwasa sun fito. Kowannensu yana da gurbinsa a Unicode: ɓ shi ne U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199. Wasu tsofaffin salon rubutu ba su da su, sai ka ga akwati-akwati a PDF. Allon Gboard yana da Hausa. Bayan an buga, buɗe fayil ɗin a wata wayar ka duba. Kuma wajen sikanin, ka lura shafin IRCC ba ya karɓar fayil da ya wuce megabait 4, don haka ka rage nauyi ba tare da hatimi ya dushe ba.

Shirya maigida kafin waya ta yi ƙara

Bayan abin da ya same ni, ga abin da muka yi da Alhaji, kuma shi nake ba kowa shawara:

- Mun saka layi a ƙarshen wasiƙar cewa mai sa hannun Hausa yake ji, a tuntuɓe shi ta imel, ko a kira akawunsa mai jin Turanci, da sunansa da lambarsa da lokacin da shago ke buɗe.
- Na bar kwafin wasiƙar da Hausa a teburinsa da na akawun.
- Na gaya masa baƙuwar lamba za ta iya kira, kuma mai tantancewa na gaskiya ba zai taɓa neman BVN ko lambar sirrin ATM ko kuɗi ba. Da wannan zai bambance shi da ɗan damfara.
- Mun koya wa yaran shago cewa idan an kira da Turanci, kada a kashe, a miƙa wa akawu.
- Mun buɗe imel ɗin kamfani, akawu yana duba shi duk safiya, har da akwatin saƙonnin banza.

Shirya mutum daban, koya masa ƙarya daban. Tuna masa ranar da ka fara aiki shiri ne. Ce masa ya ƙara maka shekara ɗaya ƙarya ce.

Shaidun da ba sa buƙatar tafinta

Lambobi ba su da yare. Idan wasiƙa ta samu masu mara mata baya, kira ɗaya da bai yi daɗi ba ba zai rushe komai ba.

Mafi ƙarfi shi ne bayanan banki. Ka roƙi a riƙa biyanka daga asusun kamfani zuwa naka, ko a banki ko OPay ko Moniepoint, a kuma rubuta da Turanci a gurbin bayani cewa albashin watan kaza ne. Idan ta wurin mai POS ake turo maka, sunan mai POS ne zai fito, ba na maigidanka ba. Idan a hannu ake ba ka, a buɗe littafi kuna sa hannu ku biyu duk wata.

Sai kasancewar kamfanin kansa. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC tana sa a iya ganinsa a shafin binciken hukumar. Saka shagon a Google Maps kyauta ne. Adireshin imel mai sunan kamfani da ke ƙarewa da .com.ng ya fi na Gmail kwarjini, kuma kai mai kwamfuta kana iya haɗa shi cikin yini guda.

Ga masu rubuta manhaja, Git yana ajiye mana tarihi. Wannan umarni zai fitar maka da jerin ranaku da ayyuka:

git log --author="sunanka" --date=short --pretty=format:"%ad %s" > tarihi.txt

Ana iya sauya ranakun Git, don haka shaida ce ta tallafi kawai, kamar shafin manhajarka a Play Store. Hirarrakin WhatsApp ma ana iya fitar da su a ajiye, amma yawancin namu saƙon murya ne da Hausa, sai an rubuta su an fassara kafin su yi amfani. Daga yau, duk kwangilar da aka ƙulla da baki, ka bi ta da gajeren saƙon rubutu mai faɗin aikin da kuɗin da ranar.

Masu sana'ar hannu kuma su nemi takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ko takardar ƙwarewa ta NSQ da hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna ke kula da ita. Ba sa maye gurbin wasiƙar aiki, amma da Turanci suke, kuma daga hukuma suka fito.

Layin da ba a tsallakawa

Idan mutum ya ga wahalar nan, sai wani ejan ya ce masa ya kawo kuɗi a buga masa wasiƙa daga wani kamfani na Legas ko Abuja mai Turanci tsaf. Sashe na 40 na dokar shige da fice ta Kanada ya tanadi haramcin shekara 5 ga wanda ya ba da bayanin ƙarya ko ya ɓoye gaskiya, kuma cewa ejan ne ya yi ba ta fid da kai. Sauran ƙasashen ma fom ɗinsu yana tambaya ko an taɓa hana ka biza, don haka tabon yana bin ka. Wasiƙar gaskiya daga shagon taki, da Hausa da fassararta, ta fi ta bogi daga bene mai hawa goma.

Idan jami'i ya yi shakka, IRCC takan aiko wasiƙar ba ka damar kare kanka, da wa'adin da aka rubuta a ciki. Kada ka bari ya wuce. Nan ne za ka bayyana cewa an samu matsalar harshe a waya, ka haɗa da sabuwar takarda daga maigida da bayanan banki. A wannan mataki neman lauya ko mai ba da shawara mai lasisi ya fi dogaro da shawarar abokai.

Aikin gida

Wanda aka gayyata a Express Entry kwana 60 kawai yake da su ya tura komai. Ba a kiwon akuya ranar sallah. Ko ba ka da niyyar tafiya bana, yi waɗannan a makon nan:

1. Jera NIN, fasfo, WAEC ko NECO, da asusun banki, ka kwatanta rubutun sunanka.
2. Rubuta duk inda ka yi aiki da wata da shekara, ka tabbatar da su wurin masu gidan tun suna tunawa.
3. Nemi wasiƙa daga inda ka bari, tun ana ga-maciji kuma tun shagon yana nan.
4. Mayar da albashinka ta banki.
5. Shiga shafin hukumar ƙasar da kake so ka karanta sharuɗɗan da kanka, domin sukan sauya su.

Ni dai wasiƙata tana nan a ajiye, Hausa da Turanci, da sa hannun Alhaji. Ranar da aka gama karanta masa ya yi dariya ya ce, “Ashe duk wannan aikin kake yi mini, ɗana? To a ƙara masa dubu biyar.” A darasi na gaba, in Allah ya yarda, za mu ga yadda ake haɗa wa ƙaramin kasuwanci imel mai sunansa a kan .com.ng, mataki bayan mataki.